Nutso a ruwa mai duhu: Yadda ake binciken jiragen da suka nutse

Duk lokacin da kwale-kwale ya kife a wani kogi ko tafki a arewacin Najeriya, abin da aka saba ji a labarai shi ne cewa masu nutso na ci gaba da neman waɗanda suka ɓace. Abin da ba kasafai ake bayyanawa ba shi ne, galibin waɗannan mutane ba sa ganin ko da tafin hannunsu a inda suke aikin.

Kogin da ya ratsa Wudil, ya bi ta yankin Ajingi a gabashin jihar Kano, sannan ya nufi Ringim da Haɗejiya, misali ne na irin wannan ruwa. Da rani yakan ja da baya har a ga rairayi. Da damina kuwa yakan cika ya batse, ya koma ja saboda ƙasar da ya kwaso, kuma a lokacin ne mazauna gaɓarsa suka fi buƙatar kwale-kwale don zuwa gona ko kasuwa.

Jihar Kano ta ga illar irin wannan haɗari a ranar 30 ga watan Nuwamban 2021, lokacin da wani jirgi da ya taso daga ƙauyen Badau ya kife a madatsar ruwa ta Watari da ke ƙaramar hukumar Bagwai. Aƙalla mutum 29 suka rasu, yawancinsu ɗaliban Islamiyya da ke kan hanyarsu ta zuwa Maulidi.

A watan Mayun wannan shekara ma, wani jirgi mai ɗauke da mutum fiye da 150 ya nutse a Kogin Kwara kusa da Wara a jihar Kebbi, inda kimanin mutum 20 kacal aka ceto da rai. A watan Yunin 2023 kuma fiye da mutum 100 suka rasu a yankin Patigi na jihar Kwara, suna dawowa daga ɗaurin aure.

A duk waɗannan wurare, mutanen gari ne suka fara faɗawa ruwa. To, wane irin aiki ne nutso a ruwan da ido ba ya amfani, kuma mene ne iyakar abin da zai iya yi?

Abin da ke sa ruwa duhu

A teku mai garau, kamar Bahar Maliya, mai nutso kan hangi abin da ke nesa da shi da mita 20 zuwa 30. A kogunan arewacin Najeriya da damina kuwa, hangen kan ragu zuwa tsawon hannu, ko ma ya ɓace gaba ɗaya.

Dalili shi ne ƙwayoyin yumɓu da taɓo da ruwan sama ke wankowa daga gonaki. Ƙananan ƙwayoyi ne da ba sa saurin kwanciya, kuma kowace ɗaya tana tare hasken rana tana watsa shi. Idan aka yi nisan 'yan mitoci zuwa ƙasa, sai wurin ya zama kamar dare ko da rana tsaka ce a waje.

Tocila ba ta magance matsalar. Haskenta kan bugi ƙwayoyin ƙasar ya dawo wa mai ita, kamar yadda fitilar mota ke yi a cikin ƙurar hunturu.

Kunne ma ba ya taimakawa yadda aka saba. Sauti ya fi gudu a ruwa fiye da ninki huɗu na gudunsa a iska, saboda haka mutum kan ji ƙara amma ya kasa tantance ɓangaren da take fitowa. Wanda ba ya gani, kuma ba ya taka ƙasa, yana iya rikicewa har ya rasa ina ne sama, ina ne ƙasa.

Ban da duhu, akwai abubuwan da ke ɓoye a ciki: tsofaffin ragogin kamun kifi, da ƙugiyoyi, da saiwoyin ciyayi irin su kacala, da kututturan itatuwan da ruwa ya shanye lokacin da aka gina madatsun ruwa. A Tafkin Kainji, wanda aka samar a shekarar 1968, irin waɗannan kututtura na cikin abubuwan da ke fasa jirage tun farko.

Masu nutso na gargajiya

Nutso ba baƙon abu ba ne a ƙasar Hausa. Masunta, da Sarkawa na bakin Kogin Kwara, da Kabawa na Argungu, sun gaji sanin ruwa daga iyaye da kakanni. A garuruwa da dama na bakin kogi akwai Sarkin Ruwa, wanda ake nema da zarar wani ya nutse.

A bikin kamun kifi na Argungu, wanda ya samo asali a 1934 kuma hukumar UNESCO ta sanya shi cikin jerin al'adun duniya a 2016, gasar nutso na cikin wasannin ruwa da ake kira Kabanci.

Ƙarfin waɗannan mutane yana ga sanin wurin. Sun san inda gurbi yake, da inda ruwa ke juyawa, da lungun da yakan tara abin da ya kwaso. Suna lalube da hannu da ƙafa, wani lokaci kuma su ja taru ko su yi amfani da dogon gwangwala daga cikin kwale-kwale.

Iyakarsu kuwa ita ce numfashi. Mutumin da ke aiki a ƙarƙashin ruwa da iskar da ke huhunsa kaɗai ba ya wuce minti ɗaya zuwa biyu, kuma cikin wannan ɗan lokaci ne zai sauka, ya laluba, ya dawo.

Akwai kuma wani haɗari da ba kowa ya san shi ba. Wasu kan yi ta jan numfashi da sauri kafin su nutsa, da nufin su daɗe a ƙasa. Yin haka yana jinkirta jin buƙatar numfashi, amma ba ya ƙara iskar oksijin a jini yadda ake zato. Sai mutum ya suma ba tare da wani gargaɗi ba, sau da yawa yana dab da fitowa. Wannan na cikin dalilan da suka sa akan ce ruwa kan ci gwani.

Kayan nutso na zamani

Kayan da ake kira sikuba su ne suka ba ɗan Adam damar yin numfashi a ƙarƙashin ruwa ba tare da an haɗa shi da wata mesa daga sama ba. A shekarar 1943 ne wasu Faransawa biyu, Jacques Cousteau da Emile Gagnan, suka ƙera na'urar da ta zama tushen waɗanda ake amfani da su a yau.

Babban ɓangaren kayan shi ne tukunyar iska da ake goyawa a baya. Mutane da yawa na ɗaukar cewa oksijin zalla ne a ciki, alhali galibi iskar da kowa ke shaƙa ce aka danna, wato kashi 21 cikin ɗari oksijin, kusan kashi 78 cikin ɗari kuma naitirojin. Oksijin zalla kan zama guba idan aka wuce zurfin kimanin mita 6.

Tukunya mai cin lita 12, idan aka danna mata iska ninki 200, tana ɗauke da lita 2,400. Wata na'ura da ake sa wa a baki ita ke rage ƙarfin iskar, ta ba mutum daidai da matsin ruwan da yake ciki.

Sauran kayan sun haɗa da gilashin fuska, da takalman roba masu faɗi kamar ƙafar agwagwa, da rigar da ake hura wa iska don daidaita hawa da sauka, da dalma ta ƙara nauyi, da agogon da ke nuna zurfi da iskar da ta rage. Wuƙa ko almakashi dole ne, saboda raga. Rigar roba ma tana da amfani ko a ƙasa mai zafi, domin ruwa ya fi iska saurin zuƙe ɗumin jiki da kusan ninki 25.

Matsin ruwa da jikin ɗan Adam

Kowace mita 10 da mutum ya yi zuwa ƙasa, ruwa na ƙara masa matsi daidai da na iskar da ke kanmu a doron ƙasa. A mita 10 matsin ya zama ninki biyu, a mita 30 kuma ninki huɗu. Daga wannan lissafi ne kusan dukkan dokokin nutso suka fito.

Na farko, iska kan ƙare da wuri. Mai aiki da ke shaƙar lita 20 a minti ɗaya a waje zai shaƙi lita 80 a zurfin mita 30. Tukunyar da aka ambata a sama ba za ta wuce masa minti 30 ba. Tsoro da sanyi da kokawa da igiyar ruwa duk suna ƙara rage wannan lokaci.

Na biyu, iskar da aka shaƙa a ƙasa tana kumbura idan ana hawa. Wadda aka shaƙa a mita 10 za ta ninka girmanta kafin a iso sama, kuma idan mutum ya riƙe numfashinsa, tana iya yaga masa huhu. Saboda haka dokar farko ta sikuba ita ce kada a taɓa riƙe numfashi.

Wannan doka ta saɓa wa abin da mai nutson gargajiya ya saba da shi tun yana yaro. Ma'ana, miƙa wa gwanin masunci tukunyar iska ba tare da horo ba, jefa shi cikin haɗari ne.

Na uku, naitirojin kan narke ya shiga jini da tsoka gwargwadon zurfi da daɗewa. Idan aka fito da gaggawa, sai ya zama kumfa a cikin jiki, kamar yadda kwalbar lemo ke yi idan an buɗe ta farat ɗaya. Sakamakon shi ne ciwon gaɓoɓi mai tsanani, ko shanyewar jiki, ko mutuwa.

A 1908 ne masanin kimiyya ɗan Birtaniya, John Scott Haldane, ya fitar da jadawalin farko na hawa daki-daki don kauce wa wannan ciwo. A yau ana koyar da cewa kada a wuce kimanin mita 9 zuwa 10 a minti ɗaya wajen hawa, kuma a dakata minti uku a mita 5. Wanda ya kamu kuwa, maganinsa shi ne a sa shi a wani ɗaki na ƙarfe da ake ƙara wa matsin iska, sannan a riƙa ragewa a hankali.

Na huɗu, daga kimanin mita 30 naitirojin kan dusashe tunani kamar abin maye. Shi ya sa aka ƙayyade mita 40 a matsayin iyakar nutson nishaɗi, masu wuce nan kuma sukan gauraya iskarsu da hiliyam.

Igiya a madadin ido

Tun da ido ba ya aiki, ƙwararru kan maye gurbinsa da igiya da tsari. Aikin yakan fara ne tun daga sama, da tambayar shaidu inda suka ga jirgin ya nutse. Idan mutum biyu da ke tsaye a wurare dabam-dabam suka nuna, inda layukansu suka haɗu nan ake jefa dutse mai nauyi da aka ɗaura wa alama mai yawo a saman ruwa.

Inda akwai hali, akan yi amfani da na'urar sona, wadda ke aika sauti ƙasa ta zana hoton abin da ya dawo mata. Duhun ruwa ba ya hana ta aiki, kuma tana rage wa masu nutso lalube a wurin da babu komai.

Daga nan sai mai nutso ya bi igiyar alamar ya sauka. A ruwa mai kwanciya, yakan ɗaura wata igiyar a jikin dutsen, ya zagaya shi yana shafa ƙasa da hannu. Idan ya kammala zagaye ɗaya, sai ya ƙara tsawon igiyar da kamu ɗaya na hannu ya sake zagayawa.

A kogi mai gudu kuwa, akan shimfiɗa igiya a ƙasa tsakanin duwatsu biyu. Mai nutso ya bi ta daga wannan ƙarshe zuwa wancan, a matsar da ita kaɗan, ya sake bi. Manufar ita ce kada a tsallake wani wuri, kada kuma a maimaita inda aka riga aka duba.

A irin wannan aiki, mutumin da ke riƙe da igiyar a sama yana da muhimmanci kamar wanda ke ƙasa. Shi ke lura da kumfar numfashi, shi ke duba agogo, kuma ta hanyar fizgar igiya suke magana, bisa alamomin da suka amince da su kafin a shiga. Ƙa'ida ce kuma a sami wani mai nutso na biyu zaune cikin shiri, wanda ba shi da aikin komai sai jiran ko na farko zai maƙale.

Shiga cikin jirgin da ya nutse

Kwale-kwalen katako a buɗe yake, don haka yawancin waɗanda suka nutse ana samunsu ne a kewayensa ko a inda ruwa ya kai su. Babban jirgi mai ɗakuna kuwa wani abu ne dabam, domin da zarar mai nutso ya shiga ciki, akwai rufi tsakaninsa da sararin sama.

Jirgin da ya kife yakan juya komai. Daɓe ya koma rufi, matakala ta juya, ƙofofi su koma ramuka. Katifu da kujeru da wayoyin lantarki na yawo ko'ina. Ko a teku mai garau, bugun ƙafa ɗaya ya isa ya tayar da taɓon da ya kwanta a ɗaki, kumfar numfashi kuma ta kakkaɓo tsatsa daga sama, nan take wurin ya rufe.

Saboda haka mai shiga yakan ɗaura zare a waje, ya riƙa warware shi yana tafiya, domin shi ne kaɗai hanyar da zai bi ya fita. Iskarsa kuma yakan kasa ta uku: kashi ɗaya na shiga, kashi ɗaya na fita, kashi ɗaya na ko-ta-kwana. A zurfin mita 30, wannan na nufin kimanin minti 10 kacal na shiga.

Duniya ta ga wahalar wannan aiki a watan Afrilun 2014, lokacin da jirgin fasinja mai suna Sewol ya nutse a Koriya ta Kudu, ya hallaka mutum 304, yawancinsu 'yan makarantar sakandare. Duk da arzikin ƙasar da kayan aikinta, masu nutso sun yi watanni suna lalube ɗaki bayan ɗaki cikin duhu da igiyar ruwa mai ƙarfi. Biyu daga cikinsu sun rasa rayukansu, kuma da aka dakatar da binciken a watan Nuwamba, akwai sauran mutum tara da ba a gano ba.

A Masar ma, jirgin Salem Express da ya taso daga Jidda ya bugi dutsen teku kusa da Safaga a watan Disambar 1991, ya nutse cikin 'yan mintoci. Alƙaluman hukuma sun ce kimanin mutum 470 suka rasu, da dama daga cikinsu suna dawowa ne daga ƙasa mai tsarki. An dakatar da fito da gawarwaki saboda haɗarin shiga can ciki. Daga bisani wurin ya zama na masu nutson yawon buɗe ido, abin da ya jawo muhawara, domin mutane da yawa na ganin kabari ne da ya kamata a girmama.

Shin ana samun masu rai?

Ƙwaƙwalwar ɗan Adam kan fara lalacewa bayan minti huɗu zuwa shida ba tare da oksijin ba. Saboda haka, sai dai a yanayi na musamman, wanda ya iso bakin ruwa bayan awa ɗaya ya zo neman gawa ne.

Yanayin na musamman shi ne idan iska ta maƙale a wani lungu na jirgin da ya kife. Abin da ya faru ke nan a gaɓar tekun Najeriya a ranar 26 ga watan Mayun 2013, lokacin da jirgin Jascon 4 ya kife ya kwanta a zurfin kimanin mita 30 da ma'aikata 12.

Bayan kusan awa 60, masu nutso 'yan Afirka ta Kudu da aka tura don kwaso gawarwaki suna cikin lalube a duhun jirgin, sai wani hannu ya kama ɗaya daga cikinsu. Kukun jirgin ne, Harrison Okene, wanda shi kaɗai ya tsira.

Ko a nan ma ba a fito da shi kai tsaye ba, domin jikinsa ya riga ya cika da naitirojin. An sa masa kayan numfashi, aka kai shi ɗakin matsin iska, inda ya sake shafe fiye da kwana biyu. Bayan wasu shekaru, shi kansa ya koyi aikin nutso.

A Tafkin Victoria ma, an fito da injiniyan jirgin MV Nyerere da rai a watan Satumban 2018, kusan kwana biyu bayan kifewar jirgin da ta hallaka mutum fiye da 220.

Amma wannan tafki ya ba da wani darasin mai ɗaci tun a watan Mayun 1996. Jirgin MV Bukoba ya kife kusa da Mwanza a Tanzaniya, yana yawo a saman ruwa ana jin mutane na ƙwanƙwasawa daga ciki. Da masu ceto suka huda jikinsa, sai iskar da ke riƙe da shi ta fice, ya nutse gaba ɗaya. Ɗaruruwan mutane suka mutu.

A haɗarin jirgin Joola na ƙasar Senegal kuwa, wanda ya kife a watan Satumban 2002 ya hallaka mutum 1,863, masunta ne suka fara isa wurin tun kafin jami'an ceto. Mutum 64 ne kawai suka tsira.

Muhimmancin gano gawa

Idan har ceton rai ya yi wuya haka, me ya sa ake ci gaba da shiga ruwa kwana da kwanaki? Ga al'ummar Musulmi amsar a bayyane take. Hadisi ya ambaci wanda ruwa ya ci a cikin masu samun ladan shahada, amma duk da haka ana yi masa wanka da sallah da binnewa kamar kowane mamaci, kuma wannan haƙƙi ne a kan masu rai.

Akwai kuma batun shari'a. Tabbatar da mutuwa shi ke buɗe ƙofar takaba da rabon gado. Idan ba a ga gawa ba, kuma babu shaidu, lamarin na iya komawa gaban alƙali a ƙarƙashin hukuncin wanda ya ɓace, iyali su daɗe cikin jira.

Sai dai ƙwararru na bambanta aikin ceton rai da na neman gawa. A na farko ana iya ɗaukar kasada. A na biyu kuwa babu dalilin shiga ruwa da dare, ko a tsakiyar ambaliya, ko bayan an gaji. A ruwa mai ɗumi irin na wannan yanki, gawar da ba ta maƙale ba takan taso da kanta cikin kwana ɗaya zuwa uku, don haka sanar da ƙauyukan da ke ƙasa da wurin da gaggawa yana cikin aikin.

Jiragen da suka zama tarihi

Ba haɗari kaɗai ke kai mutane ga jiragen da suka nutse ba. Hukumar UNESCO ta ƙiyasta cewa akwai kimanin miliyan uku a ƙarƙashin ruwayen duniya, kuma a 2001 ta samar da yarjejeniyar kare waɗanda suka kai shekara 100 a ruwa daga masu wawaso. Najeriya ta amince da yarjejeniyar a 2005.

Abin lura shi ne, taɓon da ke makantar da mai nutso shi ne kuma ke adana katako, domin yana hana iska da tsutsotsi isa gare shi. Jirgin yaƙin ƙasar Suwidin mai suna Vasa ya nutse a tashar Stockholm a 1628, aka fito da shi kusan a cike a 1961, bayan masu nutso sun haƙa ramuka shida a ƙarƙashinsa cikin baƙin duhu don zura wayoyin ɗagawa.

A Amurka, sai a 2019 aka tabbatar da gano Clotilda, jirgi na ƙarshe da aka sani ya kai bayi ƙasar daga Afirka. Ya ɗauko mutum 110 daga Wida, a Jamhuriyar Benin ta yau, a 1860, sannan masu shi suka ƙone shi suka nutsar da shi a Kogin Mobile na jihar Alabama don ɓoye laifinsu. Ruwan wurin ja ne kamar na kogunanmu, don haka da sona da lalube aka auna shi.

Kogin Kwara ma na da nasa. A 1857 jirgin Dayspring na ɗan binciken nan William Baikie, wanda ke ɗauke da Samuel Ajayi Crowther, ya bugi dutse ya lalace kusa da Jebba. Tsohon garin Bussa kuwa, inda Mungo Park ya mutu a 1806, yana kwance a ƙarƙashin Tafkin Kainji.

Abin da ya rage ga arewacin Najeriya

Alhakin kula da sufurin ruwa na cikin gida yana wuyan hukumar NIWA, wadda aka kafa a 1997 kuma hedkwatarta ke Lokoja. Agajin gaggawa kuma yana hannun hukumar NEMA da takwarorinta na jihohi, yayin da a Kano jami'an kashe gobara ne aka saba kira idan wani ya faɗa rijiya ko kududdufi.

Amma nisa da lokaci ba sa sauyawa. Kafin jami'i ya taso daga birni ya isa wani mashigi a Ajingi ko Bagwai ko Ngaski, mintocin da ake iya ceton rai a cikinsu sun wuce. Wanda ke wurin a lokacin shi ne masunci da mai fito.

Saboda haka abubuwan da suka fi saurin amfanar waɗannan mutane ba masu tsada ba ne: igiya mai ƙarfi da wanda ya san riƙe ta, da wuƙa a ɗamara, da dokar cewa ba wanda zai nutsa shi kaɗai, da koyon yadda ake farfaɗo da wanda aka tsamo ta hanyar hura masa iska da danna ƙirji. Tukunyar iska tana biyo baya ne, tare da horonta.

Rahotannin haɗuran da suka auku a yankin kuma na maimaita dalilai iri ɗaya: lodi fiye da kima, da tafiyar dare, da tsofaffin jirage, da rashin rigar kariya. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce kimanin mutum 300,000 ne ruwa ya ci a duniya a shekarar 2021, kuma yara da matasa na cikin waɗanda abin ya fi shafa.

Fasinjan da ke sanye da rigar kariya yakan tsaya a saman ruwa, inda ake iya ganinsa a miƙa masa hannu. Wanda ba shi da ita kuwa, sai an bi shi ƙasa da lalube.